Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Teburin da ke cikin gilashi

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya kai ni shagon buga takardu na wani amininsa a Samaru, Zariya, a farkon shekarar 2004, ya damƙa ni a hannun mutumin da har yau nake kira Malam.

Kwamfuta uku ce a shagon, duka masu Windows XP, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Da Malam ya kunna ta bakin ƙofa, sai ga tudu kore shar da sararin sama shuɗi sun cika gilashin. Na ɗauka zane ne. Sai da aka yi shekaru na ji ashe hoto ne na gaske, a jihar Kalifoniya ta Amurka aka ɗauke shi.

Malam bai fara koya mini bugu ba. Tafin hannu ya doka a kan teburin katakon da ke gabanmu, ya ce, "Yaro, abin da kake gani a gilashin nan shi ma tebur ne. Inda ka ajiye abu, nan za ka tarar da shi." Ƙananan hotunan da ke jere a hagu su ne kayan kan teburin, wasu takardu, wasu folda masu ruwan ɗorawa. Ya ɗora hannuna a kan maus, farar kibiya ta motsa, gabana ya faɗi don murna. Danna abu sau biyu a jere kuwa sai da ya ci mini kwana uku.

Kowane aiki a cikin tagarsa yake buɗewa, da maɓallai uku a samanta ta dama: na saukar da ita, na faɗaɗa ta, da jan nan mai rufewa. Tagar da ka saukar ba ta tafi ko'ina ba, tana jiranka a kan shuɗiyar sandar da ke kwance a ƙasa, tsakanin koren maɓallin Start da agogo.

A mako na uku ne abin ya faru. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta kawo furojet ɗinta, babi biyar, mun shafe kwana huɗu muna bugawa. Ina gyara teburin da ya cika da fayiloli, sai na goge nata tare da tsofaffin. Ga shi da la'asar za ta zo karɓa. Na tarar da Malam yana zuba fetur a janareta, na durƙusa.

"Malam, na ɓatar da aikin Anti."

Bai ɗaga murya ba. "Ka zubar da kwandon?"

Ban gane ba. Ya wanke hannu, ya zo ya buɗe hoton kwandon shara da kullum nake gani ban taɓa kulawa ba. Ga fayil ɗin nan a ciki, ko harafi bai ragu ba. Ya danna maɓallin dama na maus, ya mayar da shi mazauninsa. Daga baya na san tun Windows 95 kwandon nan ya zo, tare da Start da sandar ƙasa. Ko wane ne ya yi tunaninsa, ya san hannun ɗan Adam yana kuskure, kuma ya tausaya masa.

Anti ta zo da la'asar sakaliya, ta karɓi takardunta da ɗuminsu, ta ƙara mini naira hamsin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku ranar da Malam ya tafi Kaduna ya bar mini makullin shago.