Abin da shimfiɗa katako a kan kankare mai bututun zafi ya koya min

Ni dai babban abin da aikin nan ya koya min shi ne kankaren da ke ƙasa ya fi katakon da ke sama buƙatar kulawa. Mai gida zai zo yana ta murna da launin katakon da ya zaɓa, kai kuma hankalinka yana kan ruwan da ke kwance cikin simintin nan wanda ido ba ya gani.

Kankare yana iya bushewa fes a sama, ka share ƙura ta tashi, amma cikinsa a jiƙe yake. Ƙiyasin da aka saba shi ne wata guda ga kowane santimita 2 da rabi na kauri, wannan ma in iska tana shiga ne. To a ɗakin da ba bututu danshin a hankali yake fita, amma a nan, inda aka binne bututun ɗumama ɗaki a cikin kankaren, ranar da aka kunna zafi sai ya koro ruwan gaba ɗaya zuwa sama, kuma ba abin da zai tarar sai katakonka. Daga nan sai ka ga gefen kowane falanki ya ɗaga tsakiyarsa ta lotsa, gam ya saki, aikin da aka kashe masa kuɗi da ƙarfi ya lalace a banza, wallahi abin yana da ciwo.

Shi ya sa nake dagewa a kunna zafin tun katako bai shigo ba. A riƙa ƙarawa kamar digiri 5 a rana har ya kai iyakarsa, a bar shi kwanaki, a sauko da shi haka a hankali, sannan a auna. Wasu leda suke mannawa a ƙasa da salatif su dawo washegari, in ta yi gumi to ba a shirya ba, wannan gaskiya ne, amma rashin gumin ba hujja ba ce. Awon da na yarda da shi shi ne a huda kankaren zuwa kashi 40 cikin 100 na kaurinsa a saka na'urar auna danshi, yawancin kamfanonin katako ba sa yarda ya wuce kashi 75. Kuma kafin ka ɗora dirila ka tabbatar ka san inda bututu ya bi! Ka nemi hotunan da filamba ya ɗauka kafin a zuba siminti, in babu a kunna zafi a duba da kyamarar da ke nuna zafi, za ka ga layukan sun fito ja kamar an zana su. Maganar ƙusa kuwa ba ta ma taso ba.

Shi katakon da ake shimfiɗawa a irin wannan aikin, samansa ne kawai tsantsar itace, milimita 3 zuwa 6, ƙarƙashinsa siraran falle ne da aka gicciya juna aka manne, in wannan zai miƙe wancan ya riƙe shi, shi ya sa ya fi tsantsar itace jure zafi. Ko a cikinsa ma itacen ok (oak) ya fi natsuwa, itacen bich da na mapul motsinsu ya yi yawa, ba na ba da shawararsu.

Sai lebur, wato saman kankaren ya zama daidai ba tudu ba rami. Ka ɗora doguwar rula mai mita 2, in gibi ya wuce milimita 3 a cike ko a goge. Ramin da ka bari iska ce za ta zauna a ciki, zafi ba zai ratsa da kyau ba, kuma duk wanda ya taka sai ya ji ƙwam. Saboda haka ne na fi son mannewa da gam a kan a shimfiɗa bisa soso, in dai gam ɗin mai laushi ne wanda aka yi don zafi. Ina ja shi da cokali mai haƙora, lokaci lokaci in ɗaga falanki ɗaya in juya bayansa in ga ko ya kama ko'ina, in na ga fili fari tas na san akwai gyara. A jikin bango kuma a bar milimita 10 zuwa 15, siketin, wato katakon da ke bin gindin bango, zai rufe.

Kwana 2 kafin a fara a kashe zafin, in gam ya kama a dawo da shi da digiri 1 ko 2 a rana, kuma saman katakon kada ya wuce digiri 27. Wannan adadin sai na zauna da mai gida na yi masa bayani, domin bayan mun tattara kayanmu shi ne zai riƙa murɗa na'urar daidaita zafin. Nakan ce, ranka ya daɗe, in sanyi ya shigo don Allah kada a ƙure shi a dare ɗaya, kuma kada a shimfiɗa kafet mai kauri, zafi taruwa yake a ƙarƙashinsa ya gasa wurin. In kun ga ƴan siraran layuka sun buɗe tsakanin falankai lokacin sanyi kada hankalinku ya tashi, iskar ɗakin ce ta bushe, a riƙe danshinta tsakanin kashi 40 da 60 za su koma. Sai in rubuta 27 ɗin a takarda in manna kusa da na'urar, saboda yara da baƙi ba su ji bayanin ba.