Tuƙi a ƙauyukan Sikotlan

Jama'a, makon jiya na sha tuƙi a arewacin Sikotlan, har yanzu kafaɗata ba ta saki ba.

Na karɓi motar haya a Inverness, sitiyari a dama, giya a hannun hagu. Sau biyu ina kai hannu zan canja giya sai in ji na daki ƙofa. Mu da Najeriya ta koma hannun dama tun 1972, ga shi an ce in bi hagu.

Ashe wannan somin taɓi ne. Da na nufi ƙauyen Applecross sai titin ya tsuke, mota ɗaya kacal yake ɗauka. Jefi-jefi akwai ɗan wurin da aka faɗaɗa a gefe, an kafa masa farin allo, nan ake raɓewa a ba mai zuwa hanya. In wurin yana hagunka ka shiga, in yana dama ka tsaya daura da shi, wancan ya shiga. Ni kuwa na rikice, na faɗa na dama. Wani dattijo a tarakta ya tsaya yana kallona. Bai yi hon ba, yatsa ɗaya kawai ya ɗaga daga kan sitiyari. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai hawan Bealach na Bà, wata hanya a kan dutse mai tsayin sama da mita 600, kwana kamar ƙugiya, hazo ya rufe ko'ina, ga tumaki kwance a kwalta, su ma tuƙa suke yi abinsu. Uwargida tana gefe sai Hasbunallahu take ja. Wai doka ta yarda da mil 60 a awa a irin titin nan. Ni dai 15 na yi, motoci huɗu a bayana, har na sami wurin raɓewa suka wuce.