Yadda nake cusa hoto a cikin JSON

Manhajar da nake rubutawa da Python tana tura hotunan rasit zuwa sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanai ta intanet, ita kuwa sabar JSON kaɗai take karɓa. JSON tsarin musayar bayanai ne, rubutu zalla, ba ya ɗaukar ɗanyen bayit na hoto, wato lambobin da kwamfuta ke ajiye hoton da su. Dole na koma ga Base64, hanyar mayar da bayit zuwa rubutu.

Dabarar tana burge ni. Ana ɗibar bayit 3, wato bit 24 (kowane bit 0 ne ko 1), a yanka su gida huɗu, kowane gida bit 6. Bit 6 na ba da lamba daga 0 zuwa 63, kowace lamba kuma da alamarta: A zuwa Z, a zuwa z, 0 zuwa 9, sai + da /. Kalmar "Man" takan koma "TWFu". In bayit ɗin ƙarshe ba su cika uku ba, sai a cike gurbin da = ɗaya ko biyu. Yanzu da na ga rubutu ya fara da iVBORw0KGgo na san hoto ne nau'in PNG, /9j/ kuwa nau'in JPEG.

Wani abu mai ban haushi: base64.b64encode, umarnin Python mai yin Base64, bayit yake mayar maka, json.dumps mai haɗa JSON kuma ba ya karɓarsu, sai ka liƙa .decode("ascii") ya mayar da su rubutu tukuna. In kuma cikin adireshin intanet za ka saka, ɗauki urlsafe_b64encode, wanda ke sa - a gurbin +, ya kuma sa _ a gurbin /.

Fayil yana kumbura da kashi ɗaya cikin uku, megabayit 3 ya zama 4, shi ya sa ba na tura bidiyo ta wannan hanya. Masu ɓoye kalmar sirri da Base64 kuwa, layi ɗaya na b64decode, mai warware Base64, ya isa ya tona asirinsu.