Daga Ɗakin Jarirai Ake Farawa

A gidan kula da dabbobin da nake aikin sa kai, ba a shiga ɗakuna yadda aka ga dama. Da safe daga ɗakin 'ya'yan kyanwa da 'yan kwikwiyo ake farawa, sai manyan da ke da lafiya, sai sababbin zuwa da aka killace, marasa lafiya su ne na ƙarshe. Kuma ba a komawa baya. In ka riga ka taka ɗakin marasa lafiya, to kai da jarirai sai gobe, ko da kana jin kukansu ta bango. Sai dai ka tura wani.

Dattijon da ke kula da mu, wanda kowa ke ce wa Baba, ba ya dogon bayani. Abin da ya ce min a kan wannan doka shi ne, "'Yata, ba hannunki nake tsoro ba, takalminki nake tsoro." Likitar dabbobin da ke zuwa mana ce ta cike min sauran. Akwai cutar da suke kira farbo, wadda ta ɓulla a karnuka a 1978, cikin ɗan lokaci ta game duniya. Hanjin kwikwiyo take ci, ya yi ta amai da gudawar jini har ruwan jikinsa ya ƙare. Ƙwayar na fita a kashi, kuma tana iya yin watanni a daɓe ko a ƙasa tana jiran wanda zai taka ta. Man tsabtace hannu mai sinadarin barasa bai dame ta ba. Kyanwoyi ma suna da tasu, 'yar'uwar wannan, mai taurin kai irin nata. Saboda haka mutum mai kyakkyawar zuciya, wanda ya shafa mara lafiya don tausayi sannan ya zagaya ya ɗauki jariri don sha'awa, yana iya ƙarar da ɗaki guda bai sani ba.

Shi ya sa yawancin aikin wanki ne. A kwashe kashi, a goge da sabulu da buroshi har datti ya fita tas, sannan a zuba bilic, don bilic ba ya aiki a kan ƙazanta. Ma'auni 1 na bilic, 32 na ruwa, a bar shi ya jiƙa wurin minti 10, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin a mai da dabba. Kullum sabo ake haɗawa, na jiya ya riga ya salance. Minti goman nan ne ke gwada mutum: kana tsaye da tsintsiya, keji ashirin na jiranka, zuciya na ce maka ai minti uku ma ya isa. Kowane ɗaki da bokitinsa da tsummansa da takalmin robarsa, ba a aro. Sannan ba kowane maganin goge ƙasa ake kaiwa ɗakin kyanwoyi ba. Da yawa daga masu mai da ruwa fari fat suna ɗauke da sinadarin da hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa, ita kuwa duk abin da ta taka sai ta lashe.

Masu zuwa sa kai suna da yawa, masu zama kaɗan ne. Ba na ganin laifin waɗanda suka tafi, sun zo ne da hoton wasa da 'yan kwikwiyo a ransu, aka miƙa musu safar hannu da shebur. Abin da na lura shi ne, ba waɗanda suka fi zumuɗi ne ke daɗewa ba. Akwai wata 'yar makaranta da ba ta cika magana ba, ban taɓa ganin ta rungumi dabba ba, amma ita ce za ta ce maka kyanwar da ke keji na biyu ta bar rabin abincinta yau kuma ba ta yi fitsari ba. Ta rubuta a katin da ke jikin kejin, da kwanan wata. Likita ta fi dogara da katunan nan fiye da duk abin da za mu faɗa da baki, domin dabba na ɓoye ciwo, sau da yawa a kwano da akwatin yashin da kyanwa ke kashi da fitsari a ciki ake fara ganin sa.

Karnuka kuwa sai ka koyi karanta su. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce, wani lokaci tashin hankali ne. Kare mai hamma ba barci a idonsa, mai lasar leɓe, mai kau da kai yana kallon ka ta gefe har farin idonsa ya fito, roƙon ka yake ka ja baya. In ya sandare ya rufe baki, to ya gama roƙo. Kuma ba a hukunta kare don ya yi gurnani, domin gargaɗi ne. In ka hana shi gargaɗi, gaba cizo zai yi ba sanarwa. Karin magana ta ce in ka ga kare na sunsunar takalmi ɗauka zai yi. A wurinmu dai, in sabon kare ya sunsuni takalminka, an samu ci gaba ke nan: yana so ya san daga ina kake, wa ka taɓa, kuma ya yarda ya matso.

An taɓa kawo mana wata karya ja, ƙashin haƙarƙarinta a waje, wuyanta da tabon igiya. Ta shige lungun keji ta juya wa duniya baya. Baba ya hana kowa kiran ta ko miƙa mata hannu. Aikina shi ne in zauna a ƙasa a wajen kejin, in ba ta gefen jikina, kada in kalle ta, in ajiye ɗan abinci in tashi. Ya yi kama da zaman banza, kuma an daɗe ana yin sa. Da farko sai na fita take ci. Daga baya ta fara ci ina nan, idonta a kaina. Ranar da ta taso ta ɗora hancinta a gwiwata, na ɗaga hannu zan shafa ta, Baba daga bakin ƙofa ya ce, "Bar ta, 'yata, ita ta zo, ita za ta ce a taɓa." Ko a abinci ma ba a bi son zuciya ba. Dabbar da ta daɗe da yunwa, in aka cika mata kwano rana ɗaya, jikinta na iya rikicewa har ta mutu, sai kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, yadda likita ta tsara.

Ɗakin karnuka wuri ne mai hayaniya, in ɗaya ya fara haushi sai kowa ya ɗauka. An auna ƙarar irin waɗannan ɗakuna ta wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, ga kunnen kare ya fi namu ji. Don haka fitar da kare yawo, ya yi ta sunsune-sunsune a waje ba mai jan sa, magani ne sosai.

Ita kyanwa maganinta kwali. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a 2014 ya kasa sababbin kyanwoyin wata mafaka gida biyu, aka ba wasu akwatin ɓuya, wasu ba a ba su ba. Masu akwati sun natsu cikin kwana 3, sauran sai da suka kai mako 2. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin fargaba na tayar da murar kyanwa: ƙwayar na kwance a jikin da yawansu, sai hankalinsu ya tashi ta farka, ido ya yi ruwa, hanci ya toshe, kyanwar da ba ta jin ƙamshi kuwa ba ta cin abinci. Shi ya sa a kejin kyanwa mai lafiya ba a sauya duka kayan kullum, ana barin tsumman da ke da warin jikinta. Tun da maganar ta zo, bari in faɗa: kada wanda ya ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fametirin, guba ne gare ta.

Inda na fi daɗewa shi ne ɗakin jarirai. Ɗan kyanwa na zuwa duniya da nauyin giram 100 ko kusa da haka, ido a rufe, kunne a toshe, ba ya iya ɗumama jikinsa, ba ya iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashe shi. In babu uwa, kai ne uwar. Ka fara da ɗumi, don ba a shayar da jariri mai sanyin jiki, cikinsa ba zai narkar ba. Madararsu ta musamman ce, nonon saniya gudawa yake sa su. A kan ciki ake kwantar da shi a ba shi, in ka kwantar da shi rigingine madara ta wuce huhu. Bayan awa 2 zuwa 3 a sake, dare da rana. In ya gama, ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa ƙarƙashin wutsiyarsa har ya yi fitsari. Kullum a lokaci guda a ɗora shi a ƙaramin sikeli. Ana so ya ƙara kamar giram 10 a yini, in ya tsaya ko ya ragu a kira likita tun bai yi laushi ba. Duk da haka wasu na mutuwa, ka yi komai daidai su tafi.

Abin takaicin, da yawa daga cikinsu ba marayu ba ne. Wani ya gan su a lungu suna kuka, tausayi ya kama shi, ya kwaso su a kwali, alhali uwar ta fita neman abinci ne. In jariran suna da tsabta, cikinsu a cike, suna barci a dunƙule, to uwar na kusa. A ja baya a jira 'yan awoyi. Duk ƙoƙarinmu da kwalba da auduga bai kai rabin nata ba.

Kuma ba sa ƙarewa. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin na ɗaukar wata 2 da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Babu ginin da zai ɗauke wannan. Tiyatar hana haihuwa da fiɗiya su ne ke rage layin da ke bakin ƙofa. Kyanwoyin waje da ba su saba da mutum ba, ana kama su, a yi musu tiyata da rigakafi, a yanke ɗan tsinin kunne ɗaya don a gane an yi, a mai da su inda suke. Ranar da keji ya cika kuwa, Baba na cewa a'a, mutum na tsaye da kwali a hannu. Na sha jin zafin wannan a'a. Amma cunkoso shi ne ke kawo cuta, kuma gidan da ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsa zai cuci na ciki da na waje gaba ɗaya. Akwai kuma ranakun da likita ke yanke shawarar kawo ƙarshen wahalar dabbar da ba ta da sauran magani. Masu sa kai ba dole ne su shiga ba. Ni ina shiga in riƙe kai, don na fi so fuskar da ta sani ce a kusa.

Tambayar da ake yawan yi min ita ce, mutane na fama, ke kina wahala a kan karnuka? Ba sabuwar tambaya ba ce. Da wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ɓatattun karnuka a Landan a 1860, wanda ya koma unguwar Battersea a 1871 kuma yake aiki har yau, ba'a jaridu suka yi mata da irin wannan magana. Amsata ciwon haukan kare ce. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya ce yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira. Hanyar da ta fi aiki ita ce a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, sai cutar ta rasa hanyar yaɗuwa. Kashe karnuka barkatai ba ya yi, wasu ne marasa rigakafi ke cike gurbin. Duk karen da ya fita daga hannunmu da allura a jikinsa, akwai yaron da aka rage wa haɗari.

Masu kawo dabbobinsu da kansu ma na daina yi musu kallon marasa imani. Wani tashi daga gida ya kama shi, wani ciwo ya kwantar da shi, wani tsohon da ke riƙe da dabbar ne ya rasu. Wanda ya kawo har ƙofa ya fi wanda ya yar a hanya. Masu zuwa ɗauka kuma muna yi musu tambayoyi har wasu su ji haushi: wa zai kula da shi in ka yi tafiya, mutanen gidan sun yarda, akwai yara ƙanana? Karyar nan ja wani magidanci ne mai sanyin hali ya ɗauke ta, bayan ya yi ta zuwa yana zama a ƙasa yadda aka nuna masa.

Wanda ke son farawa, ya zaɓi safiya ɗaya da zai iya riƙewa, ko ta mako-mako ce, ya fi zuwa kullum na wata guda sannan a neme shi a rasa. Ya zo da tsofaffin tawul da kwalaye, kullum ana buƙatar su. Ya ware kaya da takalmin da ba zai shiga da su gida ba, musamman in yana da dabba, domin makero ma na bin tufafi ya kama mutum. Ya tabbatar allurarsa ta tetanus ba ta tsufa ba, ya tambayi likita batun rigakafin haukan kare tun kafin ya fara. In kuma aka cije shi ko aka yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya faɗa wa mai kula, ya tafi asibiti a ranar.