Ɗora roba a kan iska

Shekara huɗu ke nan da na buɗe ɗan shagona a Kano, inda muke buga kaya da injin 3D. Injina uku ne, biyu Ender 3, na ukun kuma ni na harhaɗa shi daga tarkacen wasu. Abin da ake kawo mana ba na a zo a gani ba ne: mariƙin firji da ya karye, ɗan haƙorin injin da aka nema a kasuwa aka rasa, akwatin da ɗaliban injiniya ke saka aikinsu na kammala karatu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, injin narkar da zaren roba yake yi, mai kaurin milimita 1.75, ya fitar da shi ta wani ɗan baki mai faɗin milimita 0.4, yana jera shi sahu bisa sahu kamar magini da tubali. Kaurin kowane sahu a wajena milimita 0.2 ne. To magini ba ya ɗora tubali a kan iska. Duk inda abu ya leƙo waje ba komai a ƙasansa, kamar hannun buta, robar za ta fito da zafinta ta rasa mazauni, sai ta zubo kamar taliya. Maganin da manhajar yanka, wato wadda ke raba wa injin zane sahu-sahu, take bayarwa, Cura ce ko PrusaSlicer, shi ne tokara: ta gina wasu ginshiƙan banza a ƙarƙashin wurin, in an gama a ɓalle a zubar.

Sau uku nake biyan kuɗin tokara. Na biya a zare, wanda daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala. Na biya a lokaci, lokaci kuwa a nan man janareta ne. Sannan na biya a zaman da za a yi da filaya da sanfefa ana kankare ta, kuma duk da haka sai ta bar tabo. Mai kaya bai san da wannan ba, abin da ya riƙe a hannunsa kawai yake biya.

Ranar da na farka ita ce ranar da muka gama wani aiki na maƙalai arba'in. Yaron shagona ya ɗago bokitin shara ya ce, "Oga, wannan fa ya kusa kai nauyin kayan da muka bayar." Na karɓa na jinjina, ban ce masa komai ba. Washegari na zauna na sake zana maƙalar.

Ƙa'idar da kowa ke farawa da ita ita ce ta digiri 45, kuma lissafinta ba wuya. In bango ya karkata digiri 45 daga tsaye, kowane sahu zai zarce na ƙasansa da milimita 0.2, wato rabin faɗin layin. Rabi na zaune, rabi na reto, kuma rabin da ke zaune ya isa ya riƙe ɗan'uwansa. In ka rage kaurin sahun zuwa 0.1, sai karkatar ta haura digiri 60 kafin a kai wannan rabin, sai dai lokacin bugawa ya ninka. Ni ban ɗauki wannan sabon ilimi ba. Maginanmu na gargajiya haka suke ɗaure bakan gizo: a kafa azara ta leƙo daga bango, a ɗora wata ta zarce ta, a ɗaure, a yaɓe da ƙasa, a jira ta bushe, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu, ya ɗaga kai, ya ga iyakar abin. Har jiran bushewar iri ɗaya ne, sai dai su rana ke busar musu, mu fankar da ke jikin injin.

Gada kuwa wani abu ne daban, kuma ita ta fi ba mutane mamaki. In akwai ginshiƙi nan, akwai wani can, injin zai manna robar a kan na farko, ya ja ta ta cikin iska kamar igiyar shanya, ya manna a na biyu, fanka na hura ta har ta daskare kafin ta lotsa. A injinana ina samun santimita uku zuwa huɗu tsaf, in ya wuce haka ciki ya fara saukowa. Sharaɗinta biyu: layi ya zama miƙaƙƙe, kuma ya samu madafa a kowane gefe. Igiya ba ta yin kwana a sararin sama. Nakan buɗe fanka gaba ɗaya, in ɗan rage yawan robar da ke fitowa don zaren ya ɗame. Sahun farko kan fito da ɗan kaushi, na biyu ya gyara shi, na uku ba ka gane komai.

Abin da bidiyoyin Turawa ba sa faɗa maka shi ne yanayi. Robar PLA tana fara laushi ne a wajen digiri 60 na zafi. A watan Afrilu, da zafin Kano ke kai 40, fankar iska mai ɗumi take hurawa, gadar da ta fito lafiya a watan Janairu sai ta lotsa da saiti iri ɗaya. Na daɗe ina zargin injin kafin na gane. Yanzu da bazara nakan sauke zafin bakin daga 210 zuwa wajen 195, aikin da ke da doguwar gada kuma in bar shi sai dare. Da damina zaren kan sha laima, ya riƙa tartsatsi yana barin gashi-gashi, don haka a rufaffen bokiti muke ajiye shi. Robar PETG ta fi jure rana, ita nake ba duk wanda zai saka abu a mota, amma a gada raguwa ce, don ba ta son fanka da yawa.

Mafi yawan nasarar ma a zane take, tun kafin a kunna inji. Ramin da ke kwance a jikin bango, maimakon da'ira sai in yi masa tsini a sama kamar ɗigon ruwa, don saman da'ira shi ne ke rufta. Wannan tsohuwar dabara ce ta mutanen RepRap, shirin ƙera injin 3D da Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath ta Ingila a 2005, har alamarsu ma ɗigon ruwan ce. Gefen da ke kallon ƙasa ba na lanƙwasa shi, fiƙe shi nake a digiri 45. Inda kan noti zai ɓuya kuma, wato ƙaramin rami a saman babba, nakan rufe shi da sahu ɗaya tal ya zama gada, in an gama a huda da dirila. Wani lokacin juya abin kawai za ka yi ya kwanta a wani gefen. Amma a nan a yi hattara, domin abu ya fi saurin karyewa ta tsakanin sahu da sahu, kamar itace ta bin tsagi. Na taɓa tsayar da wata ƙugiya don gudun tokara, ta fito kyakkyawa, kwana biyu mai ita ya dawo da ita gida biyu. In ƙarfi da tsafta suka yi karo, ƙarfi nake zaɓa, ko in raba abin biyu in haɗa da gam.

Ban rabu da tokara kwata-kwata ba. In aka kawo siffar doki ko ƙashin haɓa na ɗaliban likitanci, ba yadda za ka juya shi. A nan nakan yi amfani da mai rassa kamar bishiya, wadda ke taɓa jikin abu a wurare kaɗan.

Maƙalar nan kuwa, da Alhajin da ya ba mu aikin ya dawo neman ƙarin sittin, sabon zanen na buga masa, mai fiƙaƙƙen gindi da gada ɗaya a tsakiya. Ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, wannan ta fi waccan sumul, ko ka sauya roba ne?" Na ce robar ce dai. Ya ce to a rage masa kuɗi, tunda yanzu ba a kankara.