Layin da ba nawa ba

Muna wuce Illela kaɗan rezo ya ɗauke. Na kashe salular na kunna, shiru. Direban motar albasar da ya ɗauko ni daga Galmi ta ƙasar Nijar ya ce in mayar da ita aljihu, nan gaba sai da layin Najeriya. Kwana uku muka yi a hanya, Sakkwato, Kontagora, Jebba, Ilori, Ibadan, kuma duk tsawon kwanakin Inna ba ta san inda nake ba. Farkon shekarar 2022 ke nan, zuwana Legas na farko, wurin kawuna da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12.

Ko sunayen abubuwan sai da na sake koyo. Abin da muke kira rezo nan sabis ne, kiredi kuma kati, kuran kuwa wuta ko NEPA, salula ita ce waya. Hausa ɗaya muke yi da mutanen Kano da Sakkwato da na tarar, amma duk kalmar da muka aro daga Faransanci su daga Turanci suka aro ta.

Daren farko na ciro cajata na ga ba ta dace da bango ba. Tamu ƙafa biyu gare ta, zagayayyu, irin na Faransa. Soket ɗin nan rami uku ne masu kusurwa, irin na Ingila. Wani yaro a ɗakin ya nuna min yadda ake cusa tsinke a ramin sama a danna cajar da ƙarfi, Kawu ya tsawatar masa, washegari ya sayo min adafta. Ƙarfin wutar ƙasashen biyu kusan ɗaya ne, don haka kayan gida suna aiki a nan. Abin da ke cin caja shi ne dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke. Yawancinmu a kasuwa wurin mai caji muke kaiwa, yana da ɗan janareta, ya liƙa wa wayarka lamba ya ba ka irinta ka riƙe.

Maganar layi ce ta fi ba ni wahala, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan. Kawu ya miƙo min wani layi ya ce, "Riƙe wannan, na wani yaro ne ɗan ci-rani da ya koma gida." Na karɓa da murna. Wata uku ina raba lambar: matan da ke sayen albasa buhu-buhu don gidajen abinci, masu baro, direbobi, 'yan gida. Ranar 4 ga Afrilu 2022, azumi bai fi kwana uku da kamawa ba, na tashi kira ya ƙi fita. Ana iya kirana, ni ba na iya kiran kowa. Ashe tun Disamba 2020 gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, mai lamba 11, kuma a ranar aka rufe kiran duk layin da ba a haɗa ba. Mai layin yana can wani ƙauye a yankin Madawa, babu mai lambarsa. Ba a buɗe layi sai da mai shi.

Wasu sun ba ni shawarar in ce ni ɗan Illela ne a yi min rajista a wuce wurin. Kawu ya ƙi. Ya ce, "Ɗana, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Baƙon da ke da takardar zama shi ma ana yi masa NIN. Bi ta ƙofa." Na bi ta ƙofa. Makonni na yi ina zirga-zirga da takardu, da azumi a bakina, kafin a ɗauki hotona da zanen yatsuna. Ranar da na sayi layi da sunana na zaga kasuwa da ƙafa ina ba mutane sabuwar lamba. Wasu masu sayen ban sake jin ɗuriyarsu ba, sun koma wurin wani.

A gida ma sai da aka sha fama. Lambar Nijar ƙwaya 8 ce, ta nan 11 ce da sifili a gaba. Ƙanwata ta yi ta kira ba ya shiga, don tana sa sifilin. Sai da na ce mata ta fara da +234 ta jefar da sifilin nan, kamar yadda nake fara tata da +227.

Kiran kai tsaye tsakanin ƙasashen biyu yana cinye kati kafin a gama gaisuwa, shi ya sa na tara kuɗin babbar waya saboda WhatsApp. Wani mai gyaran waya ɗan Kano da muke salla tare shi ya raka ni Computer Village a Ikeja. Ban taɓa ganin waya da yawa haka ba. Titin Otigba cike maƙil, shago kan shago, tun daga bakin hanya samari na tare ka suna nuna maka waya a tafin hannu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kada ka tsaya. Wanda ba shi da shago ba shi da inda za ka same shi gobe." A shagon da muka shiga bai bar ni na biya ba sai da ya danna *#06#, lambar shaidar wayar, wato IMEI, ta fito, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali. Ya sa layina ya kira, ya saurari sifika, ya ɗauki hoto, ya jona caji. Ya ce in ta hannu ce, wadda suke kira London used, a tabbata an cire asusun Google na tsohon mai ita, in ba haka ba ranar da aka goge ta za ta kulle. Sannan rasit, da adireshin shago da IMEI a rubuce, domin wayar sata in aka bi sawunta wanda aka same ta a hannunsa ake kamawa, kuma baƙo ba shi da mai tsaya masa da yawa. Sabuwar Tecno mai layi biyu na ɗauka, saboda ko a Konni ta lalace akwai kayan gyaranta. Layin Nijar yana rami na biyu har yau.

Amfanin wahalar rajistar nan ban gan shi sosai ba sai farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Kowa ya zo sai ya ce zai yi taransfa. Ni ina da asusu da sunana, haɗe da layina. 'Yan garinmu da yawa sai ta asusun wani ake biyansu, wasu kuma aka nuna musu alat na bogi aka tafi da buhu. Na koyi kada in kalli wayar mai saye, in duba tawa in ga kuɗin sun shiga tukuna.

A watannin nan ne na je Alaba International a Ojo, inda ake sayar da talabijin da fanka da kayan sola, na sayi ɗan ƙaramin faranti mai fitila da wurin caji, na ba direba ya kai wa Inna. Don karatun yara da dare na saya. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Motocin da ke kawo mana albasa da labarin gida suka tsaya. Kwana huɗu na farko ban ji kowa ba, ina aika saƙo yana tsayawa da alama ɗaya. A rana ta biyar, bayan la'asar, ina auna wa wata mata albasa, wayar ta yi ƙara. Ƙanwata ce ta jona tata a farantin nan. Na koma bayan buhuna na kara a kunne, muryar Inna ce, minti biyu da ɗan wani abu. Ta ce kowa lafiya, an yi ruwa daren jiya, gero ya fara fitar da kai, kuma maƙwabta sun yi layi a tsakar gida da salulolinsu suna jiran caji.