Kaji bakwai, ƙwai biyu

Yau ma ƙwai biyu na samu a akurki. Jiya biyu, shekaranjiya uku, kuma kaji bakwai ne fa. Na tsaya da kwano a hannu ina kallonsu suna ta wawar abinci ko kunya babu. Kowacce tana cinye giram 110 zuwa 120 a rana, in ka haɗa na bakwai ɗin a wata ya kai wajen kilo 24, duk a kan ƙwai biyu.

Ina fitowa maigida ya leƙa kwanon ya yi dariya, wai "ai tun watan jiya nake gaya miki sun tsufa, ki bari a yanka su a sayo ƙanana." Na ce masa "don Allah Malam ka bari in duba su tukuna, ba duka ne suka daina ba." Gaskiya yana da hujja, biyar daga cikinsu ISA Brown ne, jajayen nan na gidan gona, sun fara ƙwai tun suna sati 19 ko 20, shekarar farko kusan kullum sai sun yi, irinsu suna kai wa ƙwai 300 a shekara, amma daga nan abin sai raguwa yake, shi ya sa manyan gonaki ke sallamarsu da sun kai sati 72 zuwa 80. Nawa kuwa sun shiga shekara ta huɗu.

Da hantsi na kama su ɗaya bayan ɗaya. Dubawar ba wuya, akwai ƙasusuwa biyu masu tsini a gefen dubura, sai ka sa yatsu tsakaninsu. In yatsu uku suka shiga, ko biyu a sake, tana ƙwai. In ɗaya ne da ƙyar, ta tsaya. Sannan mai ƙwai zankonta ja ne jawur da laushi, duburar da danshi, ƙafafu da baki sun koɗe saboda launin rawayan jikinta yana tafiya cikin gwaiduwa. Abin mamaki wadda ta daina ita ce ta fi kyau a ido, ƙafa rawaya shar, gashi luf-luf, ta yi ƙiba abinta. Da ido kawai zan bi da masu aikin zan miƙa wa wuƙa.

Biyu suna ƙwai. Biyu kuma gashi suke zubarwa, wuyansu duk ya yi kwal-kwal, sabon gashi na tsirowa kamar ƙaya, su wannan ba tsufa ba ne, jiki ne ya karkatar da furotin wajen yin gashi, sati 8 zuwa 12 sai su dawo, ko da ba kamar da ba. Kuma ni ma da laifina, na toshe tagar akurkin da katako saboda iska na manta ban cire ba, ciki ya yi duhu, alhali kaza na son haske kamar awa 14 a rana kafin ta yi ƙwai sosai. Na ɓalle shi nan take, har na soke yatsa da ƙusa.

Saura uku, su kam sun gama.

A cikinsu akwai Baƙa, shekararta shida, ita ba ta cikin lissafi ma. Jajayen nan ba su iya kwanci ba, an riga an cire musu wannan halin, amma ita ko ƙwan wa ka zuba mata za ta kwanta a kai kwana 21 ta ƙyanƙyashe ta yi reno, kuma ita ce ke fara ihu in shaho ya gifta. Wannan ta ci abincinta da guminta. Sai dai zan daina ba ta abincin masu ƙwai zalla, kalsiyam ɗinsa ya yi wa wadda ba ta ƙwai yawa, yana iya taɓa ƙoda.

Sauran biyun ne suka tsaya min a rai. Kaza tana iya kai shekara takwas ko fiye, wato in na bar su zan yi ta ciyarwa shekaru ba ƙwai, sai kashi na taki da ɗan tsince ƙwari. Ba da su ga wani ma ɗora masa nauyin ne, sai in ya san yankawa zai yi. Namansu da tauri, sai an daɗe ana dafawa a wuta kaɗan-kaɗan, amma ya fi na ƙananan ɗanɗano nesa ba kusa ba. Ni dai a ganina barinsu su tsufa har ciwon ciki ko na mahaifa ya kama su, wanda ya yi yawa a irin jajayen nan, ba tausayi ba ne.

Da yamma na ɗaura musu jan zare a ƙafa don kar a yi kuskure. Autana ya gani ya tambaya na mene ne, na faɗa masa, ya yi shiru. Bayan an rufe akurki na koma da tocila in ƙara dubawa, sai na tarar ɗaya ba zare, an kwance shi an rataye a jikin ƙofa.